Gyaɗar da Ta Ci Mini Ɗaki

Ni dai na san wautata, ba sai an faɗa mini ba: da gemuna fari fat na gina ɗaki a kan hanyar ruwa a Gusau. Damina biyu ya yi, ta uku ya durƙusa kamar raƙumi.

Muna kwashe laka jikata Hafsatu ta zo da littafinta. An fara koya musu labarin ƙasa. Wai kashi biyu ne: yadda Allah ya shimfiɗa ƙasa, da yadda mutane ke zama a kanta. Ni da na bar boko a aji biyu saboda satar mangwaron hedimasta, sai na ji kamar na taɓa zama ajin nan.

Ajin kakata ne, Inna Dije, a 'Yandoto. In an ci tuwo sai ta tura gyaɗa cikin rubushi, ta baje toka, ta ɗauki kara. "Ku matso, ga ta nan tafe da ƙafarta." Ta tara toka, wannan dutsen Kwatarkwashi. Ta ja layi, wannan gulbi.

Wani dare ta ce wai wani mutum ya fita neman mazauni. Tudu ya ce, "Zauna, amma ruwa sai ka sauka ka ɗebo." Fadama ta ce, "Noma ni, kada ka kwana kaina." Ya iske Kwari a bushe, yashi lumui. Kwari ya ce, "Wuri kam akwai. Sai dai ina da baƙo, shekara-shekara yake zuwa, kuma ba shi sallama."

Daidai nan ƙamshin gyaɗa ya kai mini. Na miƙa hannu ta tsakiyar taswirar, na rushe dutse, na cike gulbi, na dumbuza na arce bayan rumbu.

"Sahabi, dawo ka ji ƙarshe," in ji ta, ko murya ba ta ɗaga ba. "Wanda bai ji ƙarshe ba, shi ka zama ƙarshen."

Ban dawo ba. Yanzu na gane tsohuwar nan labarin ƙasa take karanta mana, ta san inda ruwa ke bi tun kafin a haife mu. Sabon ɗaki dai a tudu zan kafa shi, in Allah ya yarda.

Da na ba Hafsatu labarin, ta dubi lakar da ke ƙafata, ta rufe littafinta.

"Baba Tsoho, to gyaɗar ta ma nuna kuwa?"