Magariba da Yautai a Tsaunin Pilat

Shekarun da nake ɗaukar kaya a wata mangaza, wato ma'ajiyar kaya, ta Vénissieux kusa da Lyon a Faransa, aikina na wata uku-uku ne. In wa'adi ya cika sai shef, wato shugabanmu a wurin aiki, ya ga dama ya sabunta. In bai ga dama ba, takardar zamana ta bi ruwa. Shef ɗin wani dogon Bature ne mai gemu kamar tsintsiya, magana gare shi tsada. In ya gaishe ka da bonjour ran Litinin, to ka lallaɓa ta, ita za ka ci har Juma'a.

Wa'adina na gab da cika sai ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce ko zan raka shi kallon tsuntsu ran Asabar da marece, tunda wanda yake nema a ƙasarmu yake cin rani. Na ce to. Na shiga ɗakin tarho na kira kawuna a Montreuil, dattijon da ya riga hasumiyar Eiffel zuwa Paris.

"Kallo kawai, Kawu. Ba harbi, ba tarko."

"In ya kalle su ya yi me da su?"

"Ya koma gida."

Kawu ya ce, "Ɗana, wanda abincinka ke hannunsa ba ya hauka. Bi shi. Amma kada ka tada maganar aiki a hanya, rashin kunya ne, bari sai an zo sallama. Kuma ka sa ɗan buhu a aljihu, ba a sani ba."

Muka bar Lyon a tsohuwar motarsa, muka hau tsaunin Pilat. Wurin fako ne, ba gona ba gida, sai gajeriyar ciyawa mai kama ƙafar wando da iskar da ta san inda kowane ƙashina yake. A garinmu wanda aka gani a irin wannan fili da almuru, washegari rubutu ake ba shi ya sha. Na fara gaishe da shef yadda ya kamata, ina iyali, ina gajiya. Ya ɗora yatsa a baki. Na yi tari, ya ɗora yatsa. Har cikina da ya yi ƙugi sai da ya harare shi.

Can muka ji wani abu na kirrr kamar keken ɗinki. Shef ya damƙe hannuna, ya raɗa mini cewa shekara da shekaru yana jin muryar nan, bai taɓa ganin mai ita a zaune ba. Ashe yautai ne. Yautai, wanda iyayenmu ke hana mu bi don kada ya ja mu daji, shi ne nan ake ƙona wa mai a zo gaishe shi. Yana shiga Faransa duk shekara ba biza, ba layi a ofishin takardu, ga kuma mai gemu na jiran sa da madubin hangen nesa.

Magariba ta yi. Na koma gefe na shimfiɗa rigar sanyina na tada salla. Ina sallamewa na ga wani abu kamar guntun itace a gabana, kusa da inda goshina ya tashi. Guntun itacen ya buɗe ido. Daga bayana na ji raɗar shef kamar mai kuka: "Kada ka motsa. Don Allahnka kada ka motsa."

Ban motsa ba. Sauron tsaunin kaf suka kira danginsu walima a wuyana. Ƙafata ta hagu ta mutu, ta dama ta tafi ta'aziyya ba ta dawo ba. Ni da yautai muna kallon juna, baƙi biyu, shi ya fi ni takardu. Na roƙa wa duk wanda na sani gafara, har mai gidan hayarmu, kafin ya ga dama ya tashi.

A ƙofar gidanmu a unguwar Minguettes na gyara murya. "Shef, dama batun aikin nan..."

"Aiki? Kana nan har Satumba, kafin tsuntsayen su tafi." Ya leƙo ta tagar mota. "Wannan sallar, kullum kake yin ta a daidai wannan lokaci?"

"Kullum, shef."

"Madalla. Asabar zan zo in ɗauke ka."

Haka na ƙare bazarar nan, kowace Asabar ina magariba a kan tsauni, shef na laɓe a bayana. Yautai bai sake sauka ba ko sau ɗaya. Shef ya ce wataƙila sauri nake yi, in ƙara tsawaitawa. Malamai sun yi ta fama da ni tun ina yaro kan gaggawa a salla ba su ci nasara ba, sai da aka haɗa ni da Baturen da bai san alƙibla ba. Da Satumba ta zo ya sa hannu a takardar aikin dindindin, yana cewa ba zai yarda wani ya ɗauke ni ba kafin tsuntsayen su dawo.