Karatun ɗiyata a gindin darbejiya

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba in ɗauki alhakin wani. Amma abu ne da ba zan manta ba har in mutu.

Ni tela ne a Gawon Nama, karatuna bai wuce firamare ba. Lokacin ɗiyata tana aji biyu, kullum bayan la'asar nakan ajiye ɗinki in sa ta buɗe littafi. Takan karanta shafi guda ba gargada. Duk yawan damuwata, karatunta bai taɓa shiga ciki ba.

Ajinsu cike yake maƙil, wasu yaran a ƙasa, wasu a kan taga. Malami ya faɗa, su amsa gaba ɗaya. Da iskar farkon damina ta yaye rufin ajin, sai aka kasa yaran kashi-kashi a gindin itatuwa. Ɗiyata ta faɗa hannun wata malama 'yar Jos, su kamar ashirin a gindin darbejiya.

Bayan sati guda malamar ta aiko in zo.

"Malam, yarinyarka ba ta iya karatu ba," in ji ta.

"Mi kika ce? Kullum a gabana take yi!"

Ba ta yi musu ba. Ta kira yarinyar, ta buɗe littafinta, ta ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe ta wani shafi, ta ce ta karanta. Ɗiyata ta ɗaga kai sama, ta somo daga farko da muryar waƙa. Ashe hadda ce. Shekara biyu tana bin amshi, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba.

Kunya ta sa na yi wa malamar magana mai zafi, na tafi ba sallama. Ita kuwa ta ci gaba da zama da yaran ɗaya-ɗaya. Kafin a gama gyaran rufi, ɗiyata ta karanta mini rubutun da ke jikin kekena na ɗinki, tana tsayawa a kowane baƙi.

Na gane cewa a cikin taro yaro yakan ɓace ko da yana amsawa da ƙarfi, sai an ragu malami yake jin muryar kowa.

An yi wa malamar canjin makaranta ban ba ta haƙuri ba. Don Allah, wanda ya san malamar da ta koyar a gindin darbejiya a waccan daminar, ya sanar da ni inda take.