Matar da Ke Cikin Hoton Anti

Har yau idan hadari ya taso daga bayan duwatsu, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, wani falo nake tunawa a Kafanchan, da hoton da ke rataye a bangonsa.

Ina aji biyu a firamare mamana ta rasu wajen haihuwa. Babana ma'aikacin reluwe ne, kullum yana kan hanya, sai ya kai ni wurin yayarsa, wadda muke kira Anti. Malamar makaranta ce, ita kaɗai take zaune. Mijinta ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ba a kuma kawo gawarsa ba. Gidan tsaf yake, amma shiru. In ba kukan jirgi daga tasha ba, sai ƙarar cokulanmu a kwano.

Hoton nan, wata Baturiyar mishan ce ta bar wa Anti lokacin da gwamnati ta karɓi makarantu. Zanen fenti ne na Turawan da, aka buga shi a takarda. Kusan dukansa sararin sama ne, gajimare ya murtuke, sai ɗan haske ja-ja can nesa. A gefe akwai wata bishiya da tsawa ta tsaga. Daga ƙasa kuma wata mace ce, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ta juya baya a kan wata siririyar hanya.

Ni dai na ɗauka mamana ce. Ban gaya wa kowa ba, don tun da aka binne ta bakina ya rufe. A aji ba na amsa tambaya, a majami'a ba na waƙa. Matan zumunta sun zo sun yi mini addu'a, na bi su da ido kawai.

Da babana ya zo farkon damina, sai na ji yana cewa, "Yaya, yarinyar nan ba lafiya. Bari in mai da ita ƙauye a nema mata magani."

Anti ta san in na koma ƙauye, makaranta ta ƙare ke nan. Ta ce, "Ka bar mini ita zuwa kaka."

Wata ranar Asabar da yamma iska ta taso, Anti ta fita kwashe shanya. Da ta shigo da rabin kayan a hannu, ta tarar na hau kujera, na ɗora yatsa a kan matar. Ba ta yi faɗa ba. Ta zube kayan, ta tsaya a gefena.

Ta ce, "Baturiya ta gaya mini, masu zanen zamanin nan, in abu ya cika musu ciki, ba a fuskar mutum suke zana shi ba. A gajimare suke zubawa, da itatuwa."

Ban san lokacin da magana ta fito ba. Na ce, "Anti, ina za ta?"

Ta ce, "Ban sani ba, 'yata. Ni a ganina ba tafiya take ba. Tsaye take, tana jiran wani."

Sai a ranar na gane ashe ba ni kaɗai nake kallon hoton ba.

Ta sauke ni, muka zauna a baranda. Ruwa ya kece, duwatsu suka ɓace, ragowar shanya ta jiƙe sharkaf a kan igiya, ba wanda ya tashi. Na ba ta labarin mamana, yadda take tuƙa tuwon acca, da waƙar da take yi in tana ɓare citta. Na yi kuka har na gaji. Da babana ya dawo lokacin kaka, a bakin ƙofa na tare shi da gaisuwa. Bai sake zancen ƙauye ba.

Anti ta daɗe da rasuwa, hoton ma gara ta cinye shi. Filin da muke hango duwatsu ta cikinsa duk ya zama shaguna. Gidajen yanzu ba shiru, ga talabijin ga waya, yaro sai ya yi wata bai ce uffan ba, babu wanda ya lura. Makon jiya maƙwabciyata ta kawo mini jikarta da ta rasa uba, wai in yi mata magana tunda ni tsohuwar malama ce. Ban tambayi yarinyar kome ba. Na kashe talabijin, na jawo mata kujera kusa da tawa.