Ranar da Darakta Ya Maƙale a Goshin Sa

A duk shekarun da na yi a wannan ofis, akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba, ita ce ranar da daraktanmu na wancan lokacin, Alhaji Ya'u, ya maƙale a tsakiyar dutse, aka ce ni zan bi shi in sauko da shi. Ku da kuka zo daga baya, hotonsa kawai kuka sani a bango, da babbar riga da tabarau. Ba za ku taɓa kawowa a ranku cewa mutumin nan ya taɓa reto a jikin igiya ba.

Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen yawon buɗe ido, aikina jagorantar baƙi. Mukan hau da su duwatsun Garu su hango gari, mu zaga da su gonakin dabino, mu kai su jigayin yashi na wajen Jahun mu ɗora su a raƙumi. Da damina kuwa, in fadama ta cika, sai kwalekwale. Manya suna jin daɗin wannan. Amma matasan da ke zuwa daga Kano da Kaduna, da masu yi wa ƙasa hidima, kullum maganarsu ɗaya: sun hau dutse, sun ɗauki hoto, sai kuma me? Su abin da zai sa gabansu ya faɗi suke nema.

Ana haka sai wani mutumin Jos mai aikin hawan turakun wayar salula ya zo aiki Dutse, muka saba da shi. Shi ya koya mana sauka daga kan dutse da igiya. Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su taɓa gani ba. Ana ɗaura wa mutum ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, a sa masa hular kwano da safar hannu. Igiya biyu ce. Ɗaya tana bi ta cikin wani ƙarfe a ɗamarar, ita mai sauka yake sassautawa da hannunsa. Ɗayar kuma ta tsaro ce, tana hannun wani a sama, ko mai sauka ya saki komai ba zai faɗi ba. Sai ka juya wa rami baya, ka kwanta a kan iska, ka taka dutsen kamar kana tafiya da baya. Mai riƙe mana igiyar tsaro shi ne Malam Iro, tsohon maginin rijiya daga Taura, mutum marar yawan magana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zura mutane cikin rami yana fito da su.

Dutsen da muka zaɓa yana bayan wani ƙauye, ba nisa da gari. Mu muka raɗa masa suna Goshin Sa, saboda a tsakiyarsa akwai wani tudu da ya turo gaba kamar goshin bijimi. Daga ƙarƙashin goshin sai dutsen ya shige ciki, ƙafarka ta rabu da shi, ka ƙarasa sauka kana lilo. Nan ne daɗin, nan ne kuma tsoron.

Mun daɗe muna gwaji mu kaɗai har muka ƙware. To amma ƙa'idar aiki ita ce ba a buɗe wa baƙi sabon abu sai darakta ya amince ya sa hannu, sannan maganar ta wuce wurin babban sakatare. Muna jiran wannan sai aka yi wa tsohon daraktanmu canjin wurin aiki, aka kawo Alhaji Ya'u daga ma'aikatar ilimi. Tsohon shugaban makaranta ne, ɗan gidan malamai a Jahun, ya doshi shekarun ritaya, ga jiki, ga tsare gida. Ko gaisuwa ka yi masa da kuskure sai ya gyara maka. Da muka kai masa maganar igiya ya saurare mu har ƙarshe, bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Ya dai ce ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, a shirya masa ranar Asabar. Muka fito jikinmu a sanyaye. Kowa ya ɗauka zuwa zai yi ya samu dalilin kashe abin.

Kaka ce, ana ta yankan dawa. Da hantsi muka hau ta hanyar ƙafa da ke bayan dutsen, yana tafe yana hutawa, yana haki. Na lura tun da muka kai sama bai matso bakin dutsen ba, can baya ya samu wuri ya zauna. Na ɗauka gajiya ce. Na sauka ya gani, wani abokin aikina ma ya sauka. Ya sa aka kawo masa igiyar ya murza ta a hannu, ya tambayi Malam Iro yadda ake gane ta gaji, ya tambayi inda aka ɗaure ta, ya je ya duba da kansa. Muna tsammanin ya gama, sai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa direba, ya ce a kawo ɗamarar.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai gani ka ce za ka yi.”

Ya ce, “Na gani. Ganin bai ishe ni ba.”

Na kalli Malam Iro ko zai sa baki. Shi kuwa sai ya durƙusa ya shiga ɗaure masa ɗamara, ya ja nan ya ja can, ya ce masa in ya ji wani abu ya kira sunansa kawai.

Farkon saukar ya ba mu mamaki. Bai kalli ƙasa ba, ya bi duk abin da aka gaya masa, yana takawa a hankali. Mutanen ƙauyen da ke aiki a gonakin gindin dutsen suka ajiye lauje suka taru suna kallo. Sai da ya kai daidai goshin, inda ƙafa ke rabuwa da dutse, ya leƙa ta tsakanin ƙafafunsa. Shi ke nan. Ya saki igiyar hannunsa, ya rungumi dutsen, ya cusa hannun damansa cikin wata tsaga har wuyan hannu, ya tsaya cak.

Igiyar tsaro ta riƙe shi, ba maganar faɗuwa. Muka yi ta kira, bai amsa ba. Na ce wa Malam Iro ya sassauta kawai ya zura shi ƙasa. Ya girgiza kai, ya ce hannun nan yana cikin tsaga, in ya sassauta nauyin jikinsa duka zai koma kan hannun, ko ya karye ko kafaɗa ta goce. Jawo shi sama kuma ba zai yiwu ba. Ya ƙara da cewa mutum mai jiki in ya daɗe a rataye ɗamara tana matse masa cinya, jini ya daina zagayawa, yana iya suma. Ga rana ta fara zafi. A ƙasa kuma wasu sun fara dariya, har wani yana ɗaga murya yana cewa Alhaji ya saki jiki mana, ai ba komai.

Muka ɗaura wata igiyar a gefe, na sauka har na zo daidai da shi. Ban taɓa ganin fuskar babban mutum haka ba. Idonsa a rufe, kumatunsa a manne da dutse, gumi ya jiƙe masa taguwa, gwiwarsa ta ƙuje tana jini. Na ce masa ni ne Lawan, ga ni kusa da shi, ba komai.

Bai buɗe ido ba ya ce, “Kada ka ce mini ba komai. Akwai komai.”

Can ya ce, a hankali, shi tun yana yaro ko kan katanga ba ya hawa. A gidansu in za a gyara rufin soro, shi ake bari a ƙasa yana miƙa ƙasa.

Na ce, “To, ranka ya daɗe, me ya sa ka sauko?”

Ya ce, “'Ya'yan mutane za ku kawo nan. In igiyar nan mai tsinkewa ce, gara ta tsinke da wanda zai sa hannu.”

Wallahi sai na ji kunya ta kama ni a madadin masu dariyar nan na ƙasa. Na roƙe shi ya zaro hannun, na nuna masa igiyar Malam Iro tana nan daram. Ya ce ya sani, hankalinsa ya yarda, hannun ne ya ƙi. Na gwada kama hannun, ya ƙara cusa shi. Ya ce ƙafafunsa sun fara mutuwa. Nan ni ma tsoro ya shige ni, don ba ni da wata dabara da ta rage.

Sai na ji ya fara karatu ƙasa-ƙasa, wata sura daga cikin waɗanda kowa ya haddace a makarantar allo. Da na rasa abin yi sai na kama masa, muna yi tare. Muna cikin yi na tsallake aya guda, na kuma gajarta inda ake ja. Kawai sai na ga ya buɗe ido ya harare ni.

“Kai, wa ya koya maka karatu? Koma baya.”

Yana faɗa yana nuna ni da yatsa, kamar yadda ya saba yi wa ɗalibai. Da hannun dama. Mu duka biyu muka tsaya muna kallon hannun nan a waje. Kafin ya yi tunanin mayar da shi na damƙe shi na ɗora a kan igiya, na ɗaga kai na ce wa Malam Iro ya sassauta. Muka zarce goshin tare, muna lilo, yana riƙe da kafaɗata, yana ci gaba da karatunsa, ni kuma ina bi a hankali kada in sake kuskure. Abokan aiki sun daɗe suna cewa da gangan na ɓata karatun, har ana yaba mini wayo. Ba da gangan ba ne. Tsoro ne ya ruɗa ni.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya zauna dirshan, ya kasa tashi. Dariya ta ɗauke. Wani dattijo daga cikin manoman ya kawo masa ruwa a buta da fura a ƙwarya, ya ce masa, “Sannu, Alhaji. Mu da aka haifa a gindinsa ba mu taɓa yi ba.” Ya sha, ya huta a inuwar wata tsamiya har jini ya dawo masa. Da Malam Iro ya sauko, Alhaji ya miƙe da ƙyar ya ba shi hannu, ya daɗe bai saki ba. Muka shiga mota muka koma gari. Mu dai mun riga mun yanke ƙauna da sa hannunsa.

Ranar Litinin ya tara mu a ofishinsa, gwiwa a naɗe da bandeji. Ya ce igiya ta yi, mutanen da ke riƙe ta ma sun yi, zai sa hannu. Amma da sharaɗi. Kada a sake zura kowa sai an ɗaura igiya ta gefe, da mutum a shirye cikin ɗamara, don ya ce lokacin da muka ɓata muna ɗaure-ɗaure ya fi masa shekara tsawo. A toshe tsagar nan. A roƙi mai unguwa ya hana mutane yi wa baƙo dariya ko ihu. Sannan duk wanda ya zo bakin dutse ya ce ya fasa, ko an gama ɗaure shi, a kwance shi ba tare da lallashi ba, jami'i ya rako shi ta hanyar ƙafa, suna tafe suna hira kamar ba abin da ya faru.

Rukunin farko da muka karɓa ma'aikatan jinya ne daga Kano, yawancinsu mata. Shi da kansa ya zo ya tarbe su a gindin dutsen, ya ba su labarin yadda ya maƙale, bai rage komai ba. Suka yi ta dariya, shi ma yana yi. Na ga yadda hankalinsu ya kwanta. Ranar har wata babbar sista mai jikoki ta sauka, tana isa ƙasa ta rangaɗa guɗa.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aikina. Asabar ba ta wucewa ba mota a gindin Goshin Sa. Matan ƙauyen suna aiko da fura da dafaffiyar gyaɗa, masu dabino suna baza tire. Da yamma in baƙi sun tafi, mukan zauna a sama mu da Malam Iro muna naɗe igiya, muna kallon shanu suna komawa ruga. Daga baya aka fara fasa dutse a kusa da wurin, ƙara da girgiza suka sa muka daina, muka koma inda kuke kai baƙi yanzu. Malam Iro ya koma Taura, Allah ya yi masa rasuwa a can.

Ganina na ƙarshe da Alhaji Ya'u a asibiti ne, bayan ya daɗe da yin ritaya. An kwantar da shi a hawa na sama. Na tarar ya sa an janye gadonsa daga jikin taga an mayar da shi lungu. Na yi murmushi na ce, “Ranka ya daɗe, har yanzu?”

Ya ce, “Har yanzu, Lawan. Wa ya ce maka na warke? Aiki ne ya kama, na yi.”

Bai tashi daga wannan ciwon ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Malam Iro.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanen da ke zuwa wurinmu suna cewa tsoro suke nema, amma ba wanda yake son a bar shi shi kaɗai a cikinsa. Ɗaurin igiya kowa zai iya koya. Aikin namu na gaske yana farawa ne lokacin da mutum ya tsaya a bakin dutse ya kasa gaba. Ba ku san abin da ya taka ya zo nan ba, wataƙila ya fi ku jarumta nesa. Kada ku gaggauta shi, kada ku ƙaryata tsoronsa. Ku sa ɗamararku, ku je ku tsaya kusa da shi.