Jiƙon Da Na Ba 'Yata Tana Kan Gwiwa

A lokacin da abin nan ya faru, 'yan shekaru kafin basasar Kano, ni mace ce mai ji da kanta a Balan. Haihuwata bakwai, ba a taɓa jin muryata ina naƙuda ba. Nakan durƙusa a ƙuryar ɗaki ni kaɗai, sai an ji kukan jariri sannan a kira ungozoma ta yanke cibiya. Mata suna misali da ni, har na ɗauka dauriyar nan iyawata ce. Da 'yata da ke aure a Ajingi ta zo gida haihuwar fari, ranar da ta sauka na gaya mata cewa a gidanmu ba a raki, kada ta ba ni kunya. Ta amsa da to. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in zaunar da ita in tambaye ta ko tana jin tsoro.

Tsakiyar damina ciwon ya kama ta, ta ɓoye. Kwana da wuni tana surfe tana kaɗi, in ya taso mata sai ta zagaya bayan rumbu. Rana ta biyu da hantsi na je ɗibar dawa na same ta durƙushe, ta ciji bakin zaninta har ya huje. Ungozomarmu, wata tsohuwa Babarbariya, ta tafi suna Toranke. Maigida ya yar da fartanya ya hau jaki ya bi ta, ga fadama ta cika da ruwa. Ni da wata maƙwabciyata muka yi abin da muka sani. Muka karɓo rubutu wurin liman, muka ɗumama man kaɗe muna murza mata baya, muka ɗaura igiya a rufin ɗaki ta riƙa kamawa. Ba abin da ya ragu. Wajen azahar ta ɗago ta dube ni, ta roƙe ni in yafe mata, wai ta yi iya ƙoƙarinta, za ta yi kuka. Sai ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. A nan na gane ni Allah ne kawai ya sauƙaƙa mini, ban taɓa sanin ciwon haihuwa ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Sai na tuna wani ƙulli da na taɓa karɓo wa maigida wurin mai magani a kasuwar Ajingi saboda ciwon haƙori, wanda ya ce ba ciwon da ba ya kashewa. Da 'ya'yan zaƙami a ciki, tsiron nan da ake kira haukata-yaro, na gan su da idona. Maƙwabciyata ta riƙe hannuna ta ce in jira tsohuwa. Na ce mata ba 'yarta ba ce. Na jiƙa, na ɗura wa yarinyar rabin ƙoƙo.

Ta yi shiru, har na yi hamdala. Can sai idanunta suka buɗe warwar, bakinta ya bushe, ta fara dariya tana cafke-cafke a iska, tana kira na da sunan kakarta da ta rasu. Da la'asar ungozoma ta iso jiƙe sharkaf. Ta sunsuna ƙoƙon, ta dube ni. Da ta duba yarinyar sai ta ce kai ya riga ya sauko, nishi kaɗai ya rage. Amma wa za a ce wa ta yi nishi? Muka yi ta kira, muka ɗura mata ruwan tsamiya da nono, ba ta san muna yi ba. Ina rungume da ita ta baya, ban da abin yi sai salati. Kafin magariba tsohuwa ta zaro yaro namiji, cikakke, da sumarsa. Ta yayyafa masa ruwa, ta hura masa hanci, ko motsi bai yi ba.

Daga baya na tambaye ta ko jiƙona ne ya kashe shi. Ta ce Allah ne masani, mai yiwuwa tun a kwanan da aka ɓoye ciwon ya galabaita. Ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali, amma ko wanne ne a cikin biyun, aikina ne.

Sai bayan kwana biyu 'yata ta dawo hayyacinta, ba ta tuna komai. Ta shafa cikinta, ta tambaye ni ko ya yi kuka. Ta haifi huɗu bayan nan, duk a ɗakin uwar mijinta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ni ma ban taɓa tambayarta dalili ba.

Na roƙi gafarar Ubangiji, ina kan roƙo. Ku iyaye mata, kada ku sa wa 'ya'yanku kunyar faɗin ciwo, ku bar su su yi kukansu tun da wuri. Kada kuma tausayi ya sa ku ɗura wa mai naƙuda abin da ba ku san ƙarfinsa ba. Ku murza mata baya, ku riƙe ta, ku jira wadda ta san aikin. Da na jira daga azahar zuwa la'asar kawai, da wataƙila yau ina da jika magidanci.