Wasan da Ya Rantse Ba Zai Sake Kallo Ba

A shekarar korona mu biyu muka rage a gidanmu na unguwar Danau Kota, a ƙasar da muka je karatu, can saman bene. Sauran ɗaliban sun samu jirgi sun koma gida, suka bar mana takalmansu jere a bakin ƙofa. Ni ɗan Kano ne, shi mutumin Jos, ya girme ni nesa ba kusa ba, yana karatun digiri na biyu. Falo ɗaya mai gidan ya raba da katako ya mai da shi ɗakuna biyu, saboda haka ko atishawa ɗayanmu ya yi sai ɗayan ya ji.

Shi ya koya mini kallon ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana ture juna. Da farko na ce masa wannan kokawa ce da hular kwano. Da na fara fahimta kuma, don tsabar neman magana, sai na zaɓi ƙungiyar da ya fi tsana a duniya. Ita ce ta taɓa ƙwace wa tasa kofi a wasan ƙarshe, bayan sun yi nisa a gaba har magoya baya sun fara rawa. Ya taɓa dafa ƙirji ya rantse mini cewa ko bindiga aka ɗora masa ba zai sake kallon wasan nan ba. Ni kuwa na haddace shi kaf, har muryar mai sharhi nake kwaikwaya in yana cin abinci.

Wasan da ake yi da dare a can, da safe yake zuwa mana. Mukan zauna da shayi da gurasar da muka yo tafau, wato aka ƙunso mana, daga shagon abinci na mamak da ke ƙasan benen, mu sa kwamfutarsa a kan kujera. A shekarar nan filayen ba kowa. Kujeru fayau, wasu an jera musu hotunan mutane na kwali, suna murmushi ba sa ƙiftawa. Amma da an ci sai ihu ya tashi kamar filin zai tsage, ihun da aka naɗa tun shekarun baya. Ni abin ba ya mini daɗi. In na leƙa taga, titin da ke zuwa Setapak shi ma fayau, jirgin ƙasa na wucewa can nesa da fitilu a kunne ba fasinja.

Musunmu a lokacin a kan doka ne. Masu shirya gasar sun ce duk ɗan wasan da ya kamu, ko ya zauna kusa da wanda ya kamu, a ajiye shi. Aka ajiye wa ƙungiyarsa babban mai jefa musu ƙwallo, suka sha kashi.

"Wannan zalunci ne, yaro," in ji shi. "Ƙato kamar wannan, ko tari ba ya yi, ka ce ya zauna a gida? Da ni ne wallahi ba zan faɗa ba. Zan shiga in yi wasana."

"Oga, in ya shafa wa mutane fa?"

"Kai dai matsoraci ne lah. Shi ya sa kake bin ƙungiyar ɓarayi." Wannan "lah" ɗin a bakin mutanen ƙasar ya ɗauko ta.

Haka muke yi kullum har shayin ya huce. Ina son musun nan fiye da wasan kansa, don shi kaɗai ne muryar mutum da nake ji ba ta waya ba.

Sai wata safiya bai fito ba. Ta cikin katakon ya ce mini mura ce, kada in shigo. Da rana na ji tarin, busasshe, mai tsawo. Na ce mu je a gwada shi. Ya ce fasfonsa yana makaranta ana sabunta biza, in aka kwashe shi zuwa wurin killacewa ba takarda a hannu, wa ya san inda zai ƙare. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan kira kowa ba. Na ji haushinsa ƙwarai, na ce masa wannan ba filin wasa ba ne, ya ce in rufe masa baki.

Ya kulle ƙofarsa ta ciki. Ina ajiye abinci a bakin ƙofa, in koma ɗakina, in ji ƙarar makulli, in ji an ja farantin. Sauran yinin kuwa yana kallon tsofaffin wasannin ƙungiyarsa, waɗanda suka ci kaɗai. Ihun 'yan kallo na ratso katakon, ni kuma hankalina ya kwanta. Muddin ina jin ihun nan, na san mutumin yana nan da ransa da taurin kansa.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, hadari ya rufe garin, gidan ya yi duhu kamar magariba. Farantin rana yana nan ba a taɓa ba, amma na ce barci yake, tunda ga ihu nan yana tashi. Ina kan sallaya ban tashi ba, ina sauraro sama-sama. Sai bakina ya fara bin mai sharhin. Na san kalmar da zai faɗa kafin ya faɗa. Na san ga inda zai ja numfashi, ga inda muryarsa za ta karye.

Wasan nan ne.

Na zauna ina jiran in ji an kashe, ko an yi tsaki, ko an zagi alƙalin wasa. Ba abin da ya motsa. Ƙungiyata ta ci, jama'a suka yi ihu a cikin ɗakinsa, ta sake ci, suka sake yi. Kwamfutar ce ke zaɓo wasa da kanta, in wannan ya ƙare ta ɗora wani, kuma ba hannun da ya kai gare ta. Na buga katakon, na kira shi, na tsokane shi da sunan da ya fi tsana. Mai sharhi ne kaɗai ke amsa mini.

Na sauka da gudu ba takalmi. Mai gadi yana zaune da na'urar auna zafi a cinya, ya nuna mini fuskata don na manta takunkumi. Na ce masa ɗan'uwana ne, ya kulle kansa, ba ya amsawa. Ya dube ni, ya ce "Bole," wato za a iya a harshensu, ya ɗauko ƙarfe. A cikin lif na kira motar asibiti, alkawarin da na yi ko tuna shi ban yi ba.

Da ƙofar ta ɓalle, muka same shi a ƙasa tsakanin gado da bango, idonsa a buɗe, leɓunansa sun sauya launi. Yana jan numfashi kaɗan-kaɗan, kamar mai shan abu ta tsinke. Kwamfutar tana kan tebur, haskenta na wasa a jikin silin, ana miƙa wa ƙungiyata kofi. Masu fararen kaya suka zo, fuskokinsu a rufe, suka ɗauke shi. Ni ma aka gwada ni, aka ɗaura mini zaren killacewa a hannu, aka ce kada in fita. Ban taɓa jin tsoro irin na makonnin nan ba, ni kaɗai a gidan, ga ƙofar ɗakinsa a karye.

Ba a zuwa dubiya. Makarantarsa ta kai takardunsa asibiti, maganar biza ba wanda ya tayar da ita. Labarinsa dai sai wanda wata ma'aikaciyar jinya ta ga dama ta ba ni, kullum kalma ɗaya, yana nan.

Sai wani hantsi waya ta yi ƙara, na ga fuskarsa. Ya rame har na so in kau da kai, da roba a hancinsa. Na shirya zai yi mini faɗan alkawari. Ya daɗe yana tattara numfashi.

"Ina ji, ka sani," in ji shi. "Tun daga farko har ƙarshe. Na kasa tashi, na kasa kira."

Na ce masa ya yi shiru ya huta.

"Da na ji kwamfutar ta ɗora shi, sai na yi murna. Na ce Ya Ubangiji, Ka sa yaron nan mai baki yana ɗakinsa." Ya tsaya, ya ja iska. "Duk ƙasar nan kai kaɗai za ka ji wasan nan ka san ba lafiya."

Na buɗe baki in tsokane shi kamar yadda na saba, na ce ai dama mun fi ku. Na kifa wayar a kan cinyata don kada ya ga fuskata, ina jin sa yana ta kirana, yaro, yaro, kana nan?