Asalin Sabitanci

Sabitu mai wankin hula na Ƙofar Wambai ba kowa ba ne, amma ya bar wa Bauchi abin da ko mai unguwa bai bari ba: kalma guda. Yau in budurwa ta yar da saurayi, ya fito bainar jama'a yana jan jiki yana huci kamar tayar da ta taka ƙusa, sai ka ji an ce ya shiga sabitanci. To, ga mai kayan.

Shekara huɗu ke nan da Madina, budurwarsa, ta turo masa saƙo layi biyu, ta auri wani ma'aikaci a Gwallameji. Da wani ne sai ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Sabitu kuwa benci ya fitar bakin titi. Kwana arba'in cur yana kai, rediyo a cinya, ido kamar garwashi. An ce ko guga bai taɓa ba, hawaye ne ke wanke hulunan, har wani malami ya dawo da tasa wai tana masa gishiri a goshi. Fasinja kuwa in sun hau keke sai su ce, "A sauke ni wajen mai kuka."

Daga baya ya warke, ya yi ƙiba, ya ga Habibatu, malamar firamare a Inkil. Matsalar ita ce danginta Fulani ne na asali, irin waɗanda ko kunama ta harbe su a gaban suruki sai dai su gyara zama. Kuma maganar aurenta a hannun baffanta Hammadu take. In ya ce a'a, an gama.

Wata Laraba da hantsi sai ga tsohon da kansa, siriri, da sanda a kafaɗa. Ya miƙa hula a wanke, ya zauna a kan bencin nan dai. Sabitu ya durƙusa ya gaida shi, ya ɗauki burushi ya hau wanki.

Sai ga Andrawus mai gyaran waya, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo da bakinsa da ba ya da murfi.

"Sabitu, ka ga Mansir? Bintu ta sallame shi, tun jiya yake sabitanci a bakin kasuwa. Je ka gyara masa, kai ne shehin abin."

Burushi ya tsaya cak. Kumfa na ɗiga a ƙafar Sabitu, bai ko ji ba.

Baffa Hammadu bai ɗago ba. Ya ce, "Kalmar nan har Inkil ta je. Akwai saniyata da aka sayar da maraƙinta, kwana uku tana kuka, makiyaya suka ce tana sabitanci. Yaro, Sabitu nawa ne a unguwar nan?"

Sabitu ya ce, "Uku, Baffa."

Nan Andrawus ya gane ɓarnar da ya yi. Ya shiga ƙifta ido yana cewa, "Ai wancan ne Baba, Sabitu mahauci, wanda ya koma Jos."

Ga ƙofar tsira an buɗe wa Sabitu. Mahaucin ba zai dawo ya ƙaryata ba. Sabitu ya dubi hular da ke hannunsa, ya tuna fuskar Habibatu.

"Ni ne, Baffa."

"Kwana nawa?"

"Arba'in."

"An yi sadaka?"

Ba wanda ya yi dariya.

"A ina ka yi kukan?"

"Daidai inda kake zaune."

Tsohon ya ɗan matsa gefe. Sannan ya nuna Andrawus da sanda.

"Kai da ka sha kallo, a kwana arba'in ɗin nan me ya ce a kan yarinyar?"

"Gaskiya Baba, ba komai. Mun yi, mun yi, ya faɗi aibinta ko ɗaya mu samu na hira, ya ƙi. Kuka kawai. Kallon ma ba daɗi."

"Ko zagi?"

"Ko sunanta ba ya kamawa."

Baffa Hammadu ya miƙe a hankali. "Wanda ya fara neman Habibatu, da ta ƙi shi, ko ɗigon hawaye bai yi ba. Sai ya bi gari da bakinsa, shekara guda ba ta iya ratsa kasuwa." Ya gyara sandarsa, ya juya wajen Sabitu. "Ka turo manyanka ran Juma'a bayan an sauko. Amma bencin nan da shi zan tafi. In kukan ya sake tasowa, ka zo Inkil ka yi shi a bayan garke, shanu ba sa kai gulma."

Haka aka ɗaure benci a saman keke, tsoho ya shige ciki ba ko hula. Sabitu na tsaye, ido ya ciko tab. Andrawus ya kama hannunsa ya tura shi cikin shago, ya ja labule.